ZAUREN MALAMA: Wata Uku A Holand Saboda Kwandon Tumatir

   

A wannan watan na so mu ci gaba da bayanin da muka faro kan tarbiyyar 'ya'ya mata, sai ga wasiƙar wata 'yar uwa daga Zariya wadda ta sa dole na jingine wancan batu zuwa wata mai zuwa. Ta ce maigidanta yana karatun digiri na biyu, an kuma ba shi damar ya je ƙasar waje na 'yan watanni domin ya ƙarasa bincikensa. Tun ranar da ya gaya mata barci ya ƙaurace mata. Ƙawayenta sun ce mata wanda ya tafi Turai ba ya dawowa, idan ma ya dawo to ba shi kaɗai zai dawo ba. Ta rufe wasiƙar da cewa: "Malama, in hana shi ne, ko in bar shi ina kuka?"

'Yar uwa, ki kwantar da hankalinki ki saurare ni, domin kuwa wannan abu ya faru a cikin gidanmu bara, kuma ni kaina ina cikin waɗanda suka fara turo baki.

RANAR DA LABARI YA ZO

Ƙanena da yake bi na yana digiri na biyu a fannin sufuri. Mu mutanen Bunkure ne, a cikin noman rani muka tashi, don haka da aka ce ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai bai je da nisa ba. Ya ce zai bi tumatir ɗinmu tun daga gona har kasuwar Mile 12 da ke Legas, ya gano a ina yake lalacewa, kuma me ke lalata shi. Ya shafe kakar tumatir guda yana yawo tsakanin gonakin Kadawa da kasuwar Kwanar Gafan da ke kan titin Kano zuwa Zariya, yana hira da manoma da dillalai da 'yan lodi da direbobi. Har wasu 'yan na'urori masu kama da kwalin ashana yake cusawa a cikin kwanduna, suna auna zafi da girgizar mota a kan hanya.

Ana cikin damina sai ga saƙo cewa wata jami'a a ƙasar Holand ta amince ya je ya yi wata uku a wajen wani malami, da kuɗin jirgi da ɗan abin da zai ci. Ya shigo gida da murnarsa bayan magariba. Inna tana kan tabarma tana jan carbi, ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce: "Yanzu kai duk karatun nan da ka yi, lodin tumatir za ka je Turai ka koyo? Ga 'yan lodi can a Kwanar Gafan, ka je su koya maka kyauta." Muka yi dariya, amma matarsa ba ta yi ba. Tana da ciki wata biyar a lokacin, ga ɗansu na fari bai cika shekara uku ba. Ta yi lissafi a ranta ta ga haihuwar za ta zo ne yana can. Ta tashi ta shige ɗaki.

Washegari bayan mun tashi daga ajin matan aure ta tsaya a baya, ta ce: "Yaya, don Allah ke zai ji maganarki. Ki ce masa ya haƙura." Na ce mata za mu yi magana. A gaskiya da niyyar hana shi na kira shi, domin a ganina in da likitanci ne ko karatun addini da sai a ce a yi haƙuri, amma karatun mota?

ASHE KARATUN YANA CIKIN TUKUNYARMU

Da ya zo bai yi gardama da ni ba. Tambaya ya yi mini: "Yaya, nawa kike sayen kwanon tumatir a watan Maris, nawa kike saye a watan Yuni?" Na ce ai sama da ƙasa ne. A watan Maris har kyauta ake ba mu, wani ma a bakin kanal ake zubar da shi, amma da damina ta faɗi sai mace ta koma wa na gwangwani ko busasshe. Ya ce to abin da yake karantawa ke nan.

Ya tuna mini cewa gwamnatin Audu Bako ce ta gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, daga nan aka jawo ruwa ta manyan kanal zuwa gonakin Kura da Bunkure da Garun Malam, a wani shiri da aka tsara kashinsa na farko zai shayar da hekta 22,000. Injiniyoyin Holand ɗin nan da zai je suna cikin waɗanda suka zana shirin tun farko. Ruwa ya zo, noma ya bunƙasa, shinkafa da alkama da albasa da tumatir suka wadata. Sai dai masu cin mafi yawan tumatir ɗin suna can Kudu, tsakaninmu da Legas kuwa akwai kimanin kilomita 1,000. Ana zuba shi a manyan kwanduna na saƙa, a jibga wani kan wani a cikin babbar mota, na ƙasa ya ɗauki nauyin na sama, tsinken kwando yana soke shi, rana tana dukansa, ramukan titi suna jijjiga shi, a tsaya a wannan shinge a tsaya a wancan. Kafin a sauke, ruwan tumatir yana ɗiga ta ƙarƙashin mota. Ƙiyasin da masana suka fi ambata shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na tumatir ɗin da ake nomawa a Najeriya ba ya kaiwa tukunya. Ki duba fa 'yar uwa, kwando goma manomi ya sha wahala a kansu, ya sayi iri da taki da magani, huɗu a bola za su ƙare.

Ya ce in tuna ƙarshen watan Fabrairun 2021, lokacin da ƙungiyar dillalan abinci da shanu ta dakatar da kai kaya Kudu bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan. Kimanin mako guda kawai motoci suka tsaya, amma tumatir ya faɗi warwas a nan yana ruɓewa a hannun manoma, a can kuwa ya gagari talaka. Ya ce in tuna kuma bayan 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin man fetur, yadda kuɗin mota ya tashi ya ja farashin komai ya bi shi. Ko masana'antar tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa a 2016, wadda aka gina don ta riƙa sarrafa tan 1,200 a rana, rayuwarta tana hannun ko kaya zai iso ƙofarta da yawa, a kan lokaci, kuma da lafiyarsa.

Sai na yi shiru. Ni da nake koyar da yara cewa almubazzaranci haramun ne, nake faɗa idan an bar tuwo ya kwana ya lalace, ban taɓa kawo wa raina cewa akwai almubazzarancin da ya fi wannan girma yana wucewa ta gabanmu a kan taya kullum ba.

HANYA A ADDININMU DA TARIHINMU

Da na koma gida na yi ta tunani, sai na ga ai addininmu bai raina sha'anin hanya ba. A cikin Suratun Nahli Allah ya lissafa dabbobin da ke ɗaukar mana kaya zuwa garuruwa masu nisa a cikin ni'imominsa. Manzon Allah (SAW) ya sanya kawar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, har ma ya yi hukunci a bar kamu bakwai idan mutane suka yi saɓani kan faɗin hanya. Kuma mu mata muna da abin alfahari a nan. Zubaida matar Halifa Haruna Rashid, wadda ta rasu a shekara ta 216 bayan Hijira, da dukiyarta aka gyara hanyar alhazai daga Kufa ta ƙasar Iraƙi zuwa Makka, aka haƙa rijiyoyi da tafkuna, aka gina masaukai. Har yau da sunanta ake kiran hanyar. Sadakar da ta zaɓa ta bari a bayanta ke nan, hanya da ruwa.

Mu ma a nan gida kakanninmu fatake sun san wannan ilimi tun kafin a ba shi suna a jami'a. Ayarin da ke zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, yana da jagaba, an san zangon da za a kwana, an san inda ruwa yake, an san yadda ake yayyafa wa goro ruwa a lulluɓe shi da ganye don ya iso Kurmi da ɗanyensa. Watanni suke yi a hanya, matansu na gida suna riƙe da yara. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 kuwa, cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama dukiya, har aka yi dalar gyaɗar da ake ba mu labari. Ƙasar ita ce dai wadda aka saba nomawa, hanyar fitar da amfanin ce ta samu.

Yau ma hukuma ta san da haka. Akwai cibiyar koyar da fasahar sufuri ta ƙasa a Zariya tun 1986, an aza harsashin jami'ar sufuri a Daura a 2019, aka kuma buɗe tashar sauke kaya ta tudu ta Dala a Kano a watan Janairun 2023. Idan 'ya'yanmu ba su karanci wannan fanni ba, wa zai riƙe waɗannan wurare?

Na kira matar ƙanena na ce mata: "Ba zan hana shi ba, amma kuma ba zai tafi ya bar ki haka kawai ba. Za a zauna."

ZAMAN DA MUKA YI KAFIN TAFIYA

Wannan shi ne abin da nake so 'yar uwarmu ta Zariya ta fi riƙewa. Muka zauna a ɗakin Inna, da ni, da shi, da matarsa, da yayanmu babba. Na fara da gaya masa cewa tafiya ba ta ɗauke wa miji ciyarwa da tufatarwa da kula da lafiyar iyali, ko da neman ilimi ya fita. Ya kawo takarda aka rubuta abin da gidansa ke ci a wata, aka ninka sau uku, aka ƙara kuɗin awo da na haihuwa da na ragon suna. Ya sayi buhun shinkafa da na masara ya ajiye, sauran kuɗin ya sa a asusun matarsa, ita da kanta, don kada ta riƙa aike gidan wani tana roƙon abin da yake haƙƙinta. Ya rubuta bashin da ake bin sa da wanda yake bi, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta koya mana a rubuta bashi. Ya wakilta yayanmu a kan duk abin da ya taso, har da raɗa wa jariri suna.

Na kuma ba su labarin Sayyidina Umar (RA), wanda yana zagayen dare ya ji wata mace tana kukan kewar mijinta da ya tafi yaƙi. Ya tambayi 'yarsa Hafsa tsawon lokacin da mace za ta iya jure rashin miji, daga nan ya kafa doka kada a riƙa tsare mayaƙa fiye da 'yan watanni ba su leƙo gida ba, wasu ruwayoyin suka ce huɗu, wasu suka ce shida. Ke nan kewar miji ba abin kunya ba ce, Halifa guda ya yi mata doka. Wata uku bai kai wannan iyaka ba, amma da sharaɗin ya zama wata ukun ne. Bizar da aka ba shi ma ta kwana 90 ce. Na ce masa a gaban Inna: "Ranar da takardarka ta ce ka fito, ka fito. Wanda ya maƙale a ƙasar mutane bayan wa'adinsa ya karya alkawari biyu, na hukuma da na matarsa."

Sai batun haihuwa, wanda shi ne ainihin abin da ke cin ranta. A nan ne karatun nasa ya fara yi mana amfani tun bai tafi ba. Ya ce masana lafiya suna lissafa jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar a tafi asibiti, jinkirin isa asibitin, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Na biyun nan matsalar sufuri ce tsantsa. Shi ya sa a jihohin Arewa da dama, har da Kano da Jigawa, aka taɓa haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW aka horar da wasu direbobi don su riƙa ɗaukar masu naƙuda da gaggawa. Ya je ya yi magana da wani maƙwabcinmu mai mota, ya biya shi kuɗin mai tun kafin lokaci, ya samo lambar wani direban na biyu ko da na farko ba ya gari. Ya ba da izini a gaban kowa cewa da zarar ta ji alama a tafi da ita, kada a ce sai an jira an same shi a waya. Aka nemi 'yan uwa biyu da jininsu ya dace da nata, ko da za a buƙata. Da ta shiga wata takwas kuma ta dawo ɗakin kusa da Inna.

Ranar da muka raka shi filin jirgin Malam Aminu Kano ta yi kuka, amma wannan kukan daban yake da na ranar farko.

ABIN DA YA TARAR A CAN

Sun tsayar da lokacin waya, kullum bayan sallar isha'i tamu. Da ya tafi a watan Satumba suna gabanmu da awa ɗaya, daga ƙarshen Oktoba da suka mayar da agogonsu baya sai lokacinmu ya zama ɗaya. Wannan wayar ta kullum ita ta toshe bakin masu kawo mata tsegumi.

Tambayar farko da ya aiko mini ta sallah ce, ko zai riƙa yin ƙasaru. Na ce masa a mazhabarmu ta Malikiyya matafiyin da ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa. Ya samu masallacin Turkawa kusa da masaukinsa, da kantin 'yan Maroko inda ake sayar da naman halal, domin akwai Musulmi da yawa a ƙasar. Abin da ya fi ba shi wuya sanyi ne da yayyafin da ba ya ƙarewa, da kuma kaɗaici. Ya ce mutum zai kwana uku maƙwabcinsa bai ce masa ina kwana ba. Kuɗin da aka ba shi kuwa, wanda da aka juya shi zuwa naira dangi suka ɗauka ya zama attajiri, kuɗin ɗaki kaɗai ya cinye fiye da rabi. Shi yake dafa taliyarsa, a kan keke yake zuwa makaranta. Ya ce hatta malaminsa, farfesa guda mai furfura, a keke yake zuwa, domin ƙasar mai mutum kusan miliyan 18 kekunanta sun fi mutanenta yawa.

Aikinsa a can mafi yawa a gaban kwamfuta ne. Bayanan da ya tara a Kwanar Gafan da waɗanda 'yan na'urorin nan suka auna a hanyar Legas, su ya zauna da malaminsa suna tacewa, ya koyi yadda ake lissafa a wane zango ne asara ta fi yawa, da kuma wace gyara ce za ta biya kuɗinta. An kai su Rotadam, tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai. An kuma kai su yankin Westland, inda ake noman tumatir a cikin ɗakunan gilashi. Ƙasar gaba ɗaya kimanin ninki biyu ce kawai na Jihar Kano, ga ta da ƙarancin rana, amma tana cikin manyan masu fitar da tumatir a duniya. Ya ce abin da ya lura da shi shi ne tumatir ɗinsu ba ya jira. Kafin a tsinke shi an san mai saye, an san motar da za ta ɗauka da lokacin da za ta iso, a cikin kwali ko kiret marar zurfi yake tafiya, a mota mai sanyi daidai misali, cikin kwana ɗaya ko biyu yana kanti a Jamus.

Ya kuma gaya mini wani abu da ya faranta mini rai. Ranar da ya gabatar da aikinsa a gaban ɗalibai da malamai, su ne suka riƙa yi masa tambaya suna rubutawa, domin babu wanda ya taɓa ganin yadda dillali ke cinikin kwando da ido ba tare da sikeli ba, ko yadda direba ke ratsa kilomita 1,000 da ɗanyen kaya babu na'urar sanyi. Ya ce: "Yaya, ashe mu ma muna da abin da za mu koya musu."

DAREN NAƘUDA

A watan Nuwamba, wajen ƙarfe biyun dare, ta tashe mu. Aka kira maƙwabcin nan mai mota, wayarsa a kashe. Inna ta fara salati. Na ɗauko takardar da ƙanena ya manna a bayan ƙofa na kira lamba ta biyu, cikin minti ashirin sai ga mutumin a ƙofar gida. Da muka isa asibiti ma'aikatan suka ce jini ya fara zuba, an yi sa'a da aka zo da wuri. Ɗaya daga cikin 'yan uwan da aka tanada ya ba da jini. Kafin asuba ta sauka, aka samu 'ya mace. Da aka kira shi ya kasa magana, kuka kawai yake yi yana hamdala. A waya ya gaya wa yayanmu sunan da yake so, aka yanka rago ranar bakwai kamar yana nan.

Allah ne mai tsarewa, babu shakka. Amma shi ne kuma ya umarce mu da riƙo da sababi. Da a ce lamba ɗaya ce a bayan ƙofar nan, ban san irin labarin da zan ba ku yau ba. Sau nawa miji yana gida, yana kwance a ɗakinsa, amma ba a yi ko rabin wannan tanadi ba?

TSARABAR DA YA KAWO

Ya dawo farkon Disamba, kwana biyu kafin bizarsa ta ƙare. Ya sanar da ranar da sa'ar isowarsa tun da wuri, kamar yadda sunna ta koyar cewa wanda ya daɗe a tafiya kada ya faɗo wa iyalinsa da dare ba zato. Masu jiran akwatuna sun sha mamaki, don jaka ɗaya ya tafi da ita, ita ya dawo da ita, sai alewa da 'yan kayan jarirai. Wasu dangi har sun yi fushi. Ina roƙonmu mata mu daina ɗora wa ɗalibi nauyin tsaraba, mu ne muke sa wasu cin bashi ko maƙalewa a can don kunyar dawowa hannu sake.

Bai dawo da wani abin al'ajabi ba, kuma bai ce mu zama Holand ba. Ya ce motar sanyi ta fi ƙarfin ƙaramin manomi a yanzu. Kiret ɗin roba, wanda ke cin kimanin kilo 25 kuma ake jera shi ba tare da na sama ya danne na ƙasa ba, yana rage asara sosai, amma shi ma da tasa matsalar. Kwandon saƙa idan ya isa Legas an gama da shi, kiret kuwa sai an dawo da shi, to wa zai biya kuɗin dawowar, wa zai ɗauki asara idan ya ɓata? Dillalai sun saba ciniki da kwando, ga kuma masu saƙa kwandon da abincinsu ke nan. Irin waɗannan tambayoyi su ne yanzu yake rubutu a kansu, yana zama da ƙungiyoyin manoma.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar ko kwabo. A tsinki tumatir da sanyin safiya ko da yamma. A tsinke shi yana fara nuna idan tafiyarsa mai nisa ce. A ware mai rauni tun a gona don kada ya ruɓar da sauran. A kafa rumfa ko ta kara ce, kada a bar kwanduna a rana suna jiran mota. Kada a tsinka sai an tabbatar da motar. Mu mata da muke yanka shi muna shanyawa, ya ce mu daina shimfiɗa shi a ƙasa ko a bakin titi inda ƙura da awaki ke bi, mu ɗaga shi a kan tabarma mai tsabta bisa gadon kara, zai fi kyau kuma zai fi daraja a kasuwa. Kawunmu da ke da gona a bakin kanal shi ya fara kafa rumfar. Inna kuwa, wadda ta ce ya je wajen 'yan lodi, yanzu duk baƙuwar da ta shigo sai ta ce mata: "Ɗana ne ya je Turai karatun hanya."

AMSATA GA 'YAR UWA TA ZARIYA

Kada ki hana shi, kada kuma ki bar shi kina kuka ke kaɗai a ɗaki. Ki tambaye shi ya yi miki bayanin abin da zai je nema, da harshen da za ki gane, domin mace ta fi iya haƙuri a kan abin da ta san amfaninsa. Ki nemi a zauna da manya a tsayar da ciyarwa, da wakili, da ranar dawowa, da abin da za a yi idan lalura ta taso cikin dare. Neman wannan haƙƙinki ne, babu rashin kunya a ciki. Ki yi istihara, ki toshe kunnenki daga ƙawayen da ba su taɓa zuwa ko Kaduna ba amma sun san abin da ke faruwa a Turai. Ki kiyaye masa gidansa da mutuncinsa, ki riƙa yi masa addu'a, shi ma ki ce ya riƙa yi muku, don addu'ar matafiyi karɓaɓɓiya ce. Mijin da ke tsoron Allah a Zariya zai ji tsoronsa a ko'ina, wanda ba ya tsoro kuwa ba sai ya hau jirgi zai ci amana ba.

Wata za ta ce, to Malama idan 'yata ce ko ni kaina aka ba irin wannan dama fa? Wannan magana ce mai tsawo, domin akwai hadisan da suka hana mace doguwar tafiya ba muharrami, akwai kuma bayanin malamai kan amintacciyar tawaga da inda ta halatta. Abin da zan ce a taƙaice shi ne a kai maganar gaban malami masani tun da wuri, a duba ko miji ko ɗan uwa zai iya rakiya, kada a rufe ƙofa da jita-jita kawai. In Allah ya yarda za mu ware wata guda a kan wannan, don haka masu tambaya su aiko.

Allah ya tsare matafiyanmu, ya dawo mana da su lafiya da ilimi mai amfani. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya sa albarka a gonakinmu da tukwanenmu. Sai mun haɗu a wata mai zuwa idan mai duka ya kai mu.

Wassalamu alaikum. Taku har kullum, Malamarku daga Bunkure.